Kwana Huɗu da Zobe Mai Ƙarfe Tara

Abin da na fara gani ranar da na isa zauren nutron, babban ɗakin binciken da nake aiki a Turai, shi ne wata 'yar tasar roba a bakin ƙofa, cike da makullai da agogunan hannu da kwabbai. Na ɗauka ta sadaka ce. Har na fara laluben jakata, sai ma'aikacin da ke tsaron ƙofar ya nuna kaina da yatsa, ya ce in cire allurorin da na kafe ɗankwalina da su, domin a ciki akwai maganaɗisun da ke iya fizge allura daga kan mutum. Na zare su, guda uku, na sa a tasar, na shiga ina dafe da ɗankwali da hannu ɗaya. Tun daga ranar na koyi ɗaurin da ba ya bukatar allura.

Na rubuta wannan ne dominku, 'yan matan ajin kimiyya na lisen da na yi a nan Maraɗi, wato babbar sakandare. Da na zo hutu malamarku ta kai ni ajinku, na nuna muku hotona a wurin aiki, ina zaune gaban ordinatar, wato kwamfuta, da kofin shayi. Rabi, mai zama kusa da taga, ta ce, "Tanti Zuwaira, ashe aikin naku zama ne cikin sanyi ana danna ordinatar? Wallahi ko ni na iya wannan." Aji ya ɗauki dariya, ni ma na yi, ban ba ta amsa ba. Haka nake tun ina kamarku, amsa ba ta zo mini sai na koma gida. To, Rabi, ga ta a rubuce.

Kun tuna da'irar da na sa kuka yi a filin lakol, makarantarku? Na fitar da ku takwas, kuka riƙe hannun juna, na ce doka ɗaya ce: kowace ta fuskanci akasin inda maƙwabciyarta ta fuskanta. Wannan ta dubi ciki, ta kusa da ita ta dubi waje. Nan da nan kuka daidaita. Sai na turo Hadiza ta zama ta tara.

"Ke, juya mana!"

"In na juya ai na yi daidai da wagga!"

"To ke ta can, ki juya."

"Ni? Ni da nake daidai tun ɗazu? Hadiza ce ta ɓata mana tsari, ta fita!"

Kuka yi ta juyi har aka kaɗa ƙararrawa, da'irar ba ta zauna ba. Duk wadda ta gyara tsakaninta da ta dama sai ta ɓata da ta hagu, rikicin ya matsa gaba, ya zagayo.

Wannan rikicin shi ne sana'ata. Masana haɗa sinadarai sun iya gina zobe ƙanƙane ƙwarai, wanda ko madubin likita ba ya nuna shi, su jera ƙwayoyin ƙarfe a kewayensa. Irin wannan ginin shi ake kira molekil. Kowace ƙwayar ƙarfe ɗan maganaɗisu ce mai kai da gindi, kuma tana son ta saɓa wa maƙwabciyarta, kamar yadda na umarce ku. In ƙwayoyin takwas ne, lafiya lau. In tara ne, babu yadda za a yi kowa ya gamsu, shi ya sa a sana'armu ake cewa zoben yana cikin takaici. Abin da ya fi daɗi, wanda har yau yake sa tsigar jikina tashi, shi ne a can duniyar ƙanana rikicin ba ya tsayawa kan Hadiza ɗaya. Yana rabuwa ne a kan duka taran a lokaci guda, yana zagayawa ta dama da ta hagu tare. Lissafi ya ce haka. Aikina in je in gani da ido ko gaskiya ne.

Innata ta taɓa tambayata, "To in kun gani, mi za a yi da shi?" Na ce wataƙila wata rana a yi na'urar lissafi irin wadda ba a taɓa yi ba. Ta ce, "Wataƙila?" Na ce e. Ta ce, "Allah shi ba da sa'a," ta ci gaba da tankaɗe.

Ganin kuwa ba da fitila ake yinsa ba, da nutron ne. Nutron ɗan ƙanƙanen abu ne da ke cikin cibiyar ƙwayar zarra. Ba ya ɗauke da lantarki, saboda haka yana ratsa ƙarfe kamar yadda iska ke ratsa zana, amma shi ma ɗan maganaɗisu ne, yana jin 'yan'uwansa in ya gifta su. Daga tukunyar nukiliya ake samo su, su biyo wani dogon bututu mai madubai a ciki. A hanya akwai faya-fayai masu juyawa da gudu, kowane da 'yar tsaga a jikinsa. Nutron ɗin da saurinsa ya dace da tsagogin kaɗai ke wucewa, sauran a tare su. Ka ga ke nan mun san saurin duk wanda ya iso. Sai ya bugi samfur, wato abin da muke aunawa, ya fita ta wani gefe, ya faɗa kan bututan ƙidaya da aka jera a bango sun yi rabin da'ira, tsayinsu ya fi mutum biyu. Wanda ya iso a makare, mun san ya bar wa zoben wani abu daga ƙarfinsa. Zobe kuwa ba ya karɓar ƙarfi sai gwargwadon matakalarsa, taki-taki. Daga makarar nutron muke karanta tazarar matakalar, daga matakalar muke gane yadda ƙwayoyin ke zaune da juna.

Sai tulun sanyi. Kamar babban tarmos na ajiye shayi yake, da ƙugiya ake ɗaga shi daga rufi. Ana ɗura masa ruwan heliyom, wata iska da tsananin sanyi ya mayar ruwa, a zura samfur a ƙarshen wata doguwar sanda har cikin cikinsa, a sanyaya shi kusa da iyakar da sanyi ke tsayawa. In ba haka ba zafi zai yi ta girgiza ƙwayoyin, ba za a ga komai ba. Ranar da na fara ɗura heliyom da kaina, bututun ya yi farin gemu na ƙanƙara, iska ta dinga ɗiga daga jikinsa kamar ruwa. Na tsaya kallo baki buɗe har mai koya mini ya ce, "Madmazel, tankin ya cika tun ɗazu, kina shayar da rufi ne."

Amma koyon aikin nan ba a can na fara shi ba, a gulbin Jiratawa na fara. Ina aji uku na kwaleji lokacin da ƙasa ta shiga zancen jam'iyyu da zaɓe. Kowane zaure rediyo ke tashi, malamai yau suna aji gobe suna yajin aiki, har aka yi shekarar da ta tafi a banza ba jarrabawa. Malaminmu na kimiyya, Mushe Isuhu, kamar yadda muke kiran malam da Faransanci, ba ya shiga aji domin yana tare da 'yan'uwansa malamai, amma ya ce yajin bai hana shi zama a zaurensa ba. Mu bakwai muke zuwa gidansa a unguwar Zariya. Wata Asabar ya cire maganaɗisu daga bayan tsohuwar sifikar rediyo, ya ɗaure shi da igiya, ya kai mu gulbi lokacin rani, ya ce kowa ya ja shi cikin rairayi taku ashirin. Da layi ya zo kaina na ja na ɗago, sai ga shi ya yi baƙin gashi, ƙananan ƙwayoyi sun hau kan juna sun miƙe tsaye. Sauran suka kakkaɓe hannu suka tafi tsinkar tumatir a lambun wani. Ni na zauna ina juya shi, na lura gashin ya fi tsawo a baki-baki, a tsakiya kuwa kwance yake.

Mushe ya tsaya kaina ya ce, "Mi kika gani, Zuwaira?"

Na ce, "Ba komi, Mushe."

Ya ce, "Ba komi ɗin nan naki ya fi amsar mutum goma. Rubuta shi a kaye in ba ki iya faɗa."

Haka na yi ta yi. Ko kuskure ya yi a allo, in ya manta alamar ragi, sai in rubuta daidai a gefen kayena, littafin rubutuna, in ja layi, ba na ɗaga hannu. A gidanmu yarinya ba ta gyara wa babba magana, kuma kowa na yabona a kan haka.

Hannun aikin kuwa a Tsibiri na samo shi. Da shekarar ta lalace gaba ɗaya, aka tura ni wurin kakata in taya ta zama. Ita ce mai ajiye iri a gidan. Takan zuba riɗi a faifai ta miƙo mini, ta ce in fitar da tsakuwa da duk ƙwayar da ta yi baƙi. In na kawo sai ta shafa da tafin hannu sau ɗaya, ta ɗago tsakuwa ta ce, "Ke 'yar lakol, wagga haƙorin wa kika bar ma ita? Ni nawa sun ƙare." In koma. Wata biyar na yi ina wannan, har na kai ina jin tsakuwa da yatsa kafin ido ya gan ta. Ban san sana'a nake koyo ba.

Daga baya na ci bak, jarrabawar ƙarshen lise, na yi jami'a, na samu tallafin karatu zuwa Turai, aka haɗa ni da wani furofesa, dattijo mai yawan magana da son dariya. Yanzu ni ce mai kula da na'urar da na koyi aiki a kanta, baƙi ke zuwa mini daga ƙasashe da samfurinsu a cikin 'yan kwalabe. Su ne masu cinikina. Akwai wanda zai zo da gari cikin cokali ɗaya yana riƙe da shi kamar jariri. Akwai wanda zai zo ya riga ya rubuta sakamako a kansa, in na'ura ta nuna wani abu daban ya ce na'urar ce ta lalace. Wata mata ta taɓa zuwa daga nesa ta manta samfurin a firjin otel, muka tura mota. Kowa da kwanakinsa ƙidayayyu, domin ba a shiga zauren nan sai an rubuta takardar nema, kwamiti ya zauna, ya ba ka kwana uku ko huɗu, ko ya hana ka. In kwanakinka suka ƙare, ko kana tsakiyar awo, sai ka fitar da sandarka, na baya ya sa tasa.

Shekarar da ba zan manta ba ita ce ta ukun karatuna na dokta. Sau biyu kwamiti ya mayar mana da takarda. A na uku aka ba mu kwana huɗu, daga safiyar Litinin zuwa safiyar Jumma'a, kuma aka sanar cewa bayanmu da kwana uku za a kashe tukunyar a shiga gyara na fiye da shekara. Tallafina kuwa saura wata tara. In kwana huɗun nan suka tafi a banza, babu awo, babu kundin dokta, sai in tattara in dawo unguwarmu Sabon Gari da akwatin tufafi.

Samfurin namu wata mai haɗa sinadarai ce ta yi shi, sunanta Marta. Shekara guda ta yi tana renonsa. Zobban in suka taru suka jeru sai su zama ƙwayoyi kore masu sheƙi kamar gishirin da aka rina, muna ce musu kiristal. Wahalar ita ce idirojin, wato iskar nan da ke cikin ruwa da mai da jikin mutum. Idirojin na watsa nutron ta ko'ina, hayaniyarsa ta rufe muryar zoben, kamar mai raɗa a tsakiyar tashar mota. Saboda haka sai da Marta ta musanya duk idirojin da ke jikin molekil ɗin da wani ɗan'uwansa mai nauyi wanda ba ya surutu. Ta kawo kwalabe biyu. Ɗaya da manyan kiristal shida, kowane kamar ƙwayar wake. Ɗayar da tarin ƙanana kamar riɗi, ta ce waɗannan rara ce, ta kawo su ne don kada ta zubar.

Ranar Litinin da safe aka zo ɗora manyan a kan farantin alminiyom. Furofesa yana da al'ada: samfurin farko na kowane ɗalibinsa shi yake ɗora shi da hannunsa, ɗalibin na tsaye yana kallo. Ana manna kiristal da giris, a kuma lulluɓe shi da shi don kada ya bushe ya farfashe. Giris ɗin na musamman ne, babu idirojin a cikinsa. A kan kanta akwai 'yan kwalabe biyu iri ɗaya, wani ya ɗura giris a ciki, takardun jikinsu sun koɗe. Furofesa ya miƙa hannu ya ɗauki ta hagu yana ba Marta labarin wani taro, ya tsoma tsinke ya ɗago. Sai na ga giris ɗin ya biyo tsinken da zare, yana yauƙi kamar miyar kuɓewa. Wanda na saba aiki da shi fari ne kamar kindirmo, in ka ɗago shi gutsurewa yake yi, ba ya zare.

Na gani sarai. Ina tsaye taku ɗaya daga kafaɗarsa. Na ce a raina mutumin da ya shekara talatin yana wannan aiki ya fi ni sani, wataƙila sabon iri ne. Na buɗe littafin aikina na rubuta a gefe, "Giris ya yi zare," na ja layi a ƙasa. Aka ɗaure farantin a sanda, aka zura a tulu, aka rufe ƙofar kariya.

Sanyayawa ta ci mana har la'asar. Aka buɗe wa nutron hanya. Abin da muke jira a allon ordinatar shi ne 'yan tozaye biyu kusa da juna a gefen zane, shaidar cewa matakin farko na zoben ya rabu biyu. Abin da ya fito wani ƙaton tudu ne mai faɗi da ya haɗiye wurin duka. Furofesa ya ce a ƙara lokaci. Aka ƙara. Safiyar Talata tudun ya ƙara girma, babu tozo ko ɗaya. Ya canza saurin faya-fayai, ya ƙara sanyi, ya sa aka duba bututan ƙidaya ɗaya bayan ɗaya. Har azahar muna abu ɗaya. Kwana ɗaya da rabi sun tafi.

Sai Furofesa ya cire tabarau ya juya wurin Marta ya ce, "Idirojin ne wannan, ko makaho ya gani. Marta, musanyarki ba ta kama ba."

Ta ce, "Na auna sau uku kafin in taho."

Ya ce, "To nutron ya auna na huɗu, kuma shi ba ya jin kunyar kowa."

Fuskarta ta yi ja, ta fara tattara takardunta. Ya ce in haka ne babu amfanin ɓata heliyom, gara a mayar da sauran kwanakin ga masu zauren.

Ban iya buɗe baki ba, amma hannuna ya iya. Na buɗe littafin a shafin Litinin na tura gabansa, na sa yatsa a kan layin. Ya mayar da tabarau ya karanta. Ya tashi, muka bi shi ɗakin shirya samfur. Ya tsoma tsinke a kwalbar hagu, zare ya biyo. Ya tsoma a ta dama, ya gutsure fari tas. Ya ajiye tsinkayen biyu.

Ya ce, "Marta, ki yafe ni. Laifina ne, giris mai idirojin na ɗauka." Sannan ya juyo gare ni. "Ke kuma yaushe kika rubuta wannan?"

Na ce, "Lokacin da kake ɗorawa, Furofesa."

"Kina tsaye bayana?"

"E."

"Me ya hana ki magana?"

Na ce a garinmu ba a gyara wa babba. Ya kama kansa da hannu biyu ya ce, "Madmazel, ladabin nan naki ya cinye mana kwana biyu! Daga yau in kin ga na yi shirme ki taka mini ƙafa. Ga ta nan, ta hagu ta fi jin zafi."

Manyan kiristal ɗin ba su cetu ba. Sai da aka ɗumama tulu, mai auna tururin nukiliya ya zo ya zagaya farantin da na'urarsa ya ce a iya taɓawa, muka tarar sun tsattsage, giris ya shige cikin tsagogin. Saura kwalbar rara. Matsalar ƙanana ita ce sai an tara su da yawa kafin su kai nauyin manyan, kuma dole kowane ya fuskanci inda sauran suka fuskanta, in ba haka ba zanen ya dagule. Furofesa ya leƙa kwalbar ya ce wannan aikin mako biyu ne.

Na ce, "A ba ni gobe." Da murya na faɗa.

Ranar Laraba tun da aka buɗe ɗakin na zauna gaban madubin ƙara girma da 'yar matsefata irin ta cire ƙaya. Na ja layuka a kan faranti da bakin allura. Kowane kiristal yana da gefe shida, amma na lura kusurwa ɗaya kullum a ɗan gutsure take, kamar an ɗanɗana. Ita na mayar alƙibla. In ɗauko daga ruwan da ake ajiye shi a ciki, in juya gutsurarriyar kusurwar ta dubi sama, in kwantar a kan layi, in rufe da farin giris kafin in ƙirga goma, don in ya sha iska sai ya dushe. Wanda ya yi duhu a ciki ko ya haɗu da ɗan'uwansa, in ture shi gefe. Marta na zaune kusa da ni tana miƙo kwalba, can ta ce, "A wace jami'a aka koya miki wannan?" Na ce a Tsibiri. Ta ce ba ta taɓa jin sunanta ba. Na ce ƙaramar jami'a ce, malama ɗaya gare ta, kuma ba ta da haƙori. Sallah kaɗai ta tashe ni daga kujerar. Kafin rana ta faɗi na cika faranti huɗu, aka ɗaure su, aka zura a tulu.

Safiyar Alhamis muka taru gaban allo mu uku. Ƙaton tudun nan ya tafi, ƙasa ta kwanta sumul. Ɗigogi suka fara taruwa kaɗan-kaɗan a gefen zane. Bayan sa'a ɗaya wani abu ya ɗan kumbura. Bayan biyu ya yi kai. Wajen hantsi sai kan ya fara lotsawa a tsakiya. Tozo biyu! Ga su nan kafaɗa da kafaɗa, daidai inda lissafi ya ce a nema. Marta ta yi ƙara har wani ma'aikaci ya leƙo yana tambaya ko heliyom ne ya zube. Furofesa ya dinga zagaya kujera yana cewa, "Ku dube su! Ku dube su!" Ni kuwa na matsa har hancina ya kusa taɓa gilashin. Zobe tara-tara ne, miliyoyinsu, kowane ya kasa shirya 'yan gidansa, kuma ga shi suna gaya mini da bakinsu ta wace hanya suka raba rikicin. Rabi, a nan ne ake shan shayin da kika gani a hoto.

Sai dai tozo biyu a sanyi ɗaya ba hujja ba ce. Kowane mai duba kundi zai ce wataƙila girgizar molekil ce kawai, ba maganaɗisu ba. Hanyar rufe masa baki ita ce a ɗan ɗumama samfurin a cikin tulun a sake awo: in na maganaɗisu ne za su rage tsawo, wasu sababbi su ɓullo kusa da su. Wannan na son yini guda cur. Mu kuwa awon sanyin kansa sai ya kai mu safiyar Jumma'a, lokacin da za mu fitar da sanda. In kuma aka fitar, ƙananan za su tsage kamar yadda manyan suka yi, kuma babu wata rara.

Kwana ukun da suka rage kafin a kashe tukunya na wani dattijo ne da ya zo daga nesa yana binciken yadda ruwa ke motsi a cikin siminti. Mai Siminti nake ce masa a raina. Na ce wa Furofesa ko zai yi masa magana. Ya girgiza kai ya ce a sana'ar nan ba a roƙon kwanan wani, kowa da wahalar da ya sha kafin ya samu nasa, shi bai taɓa yi ba kuma ba zai fara da furfura ba. Na ce to ni fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce ni ɗaliba ce, in an kore ni ba abin kunya ba ne.

Na sami Mai Siminti da la'asar a ɗakin shirya samfur yana goge wasu 'yan faya-fayan siminti da tsumma. Ya ba ni ranar, in gaya muku tun yanzu, tozayen kuma suka rage tsawo, sababbi suka fito, da su na rubuta kundina. Amma kafin nan sai da na tsaya a gabansa ina kallon igiyar takalminsa, wadda ɗaya baƙa ce ɗaya ruwan ƙasa. Na gaishe shi irin gaisuwarmu, na tambayi gajiyar hanya, na tambayi iyali, na tambayi aiki, har ya ajiye tsumman ya ce, "'Yata, lafiya dai?"

Na ɗaga kai na dube shi, na ajiye zanen tozayen a kan teburinsa.

Na ce, "Dokta, kwana huɗu aka ba ni, na ɓatar da biyu saboda na ga kuskure na yi shiru. Abin da ke cikin tulun can in ya fito gobe da safe ya mutu, kuma babu wani. Na san kwana ukunka ba su ishe ka ba. Samfurinka duka ni zan shirya maka, in tsaya maka a kan na'ura har a kashe tukunya. Don Allah ka ba ni gobe."